Abin da Manomi Ya Tarar a Gayaunar Ɗansa

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye, yana da gandu babba da 'ya'ya biyu maza. Sunan babban Barnaba, ƙaramin kuwa Irmiya. Bisa ga al'adar ƙasar, kowace safiya uban da 'ya'yansa sukan fita gandu, wato gonar gida wadda kowa yake ci daga cikinta, su yi aiki har rana ta take tsaka. Daga nan sai uban ya sallame su, kowa ya nufi gayaunarsa, 'yar gonar nan da uba yake yanka wa ɗa domin ya shuka abin da ya ga dama. Abin da ɗa ya yi a gayauna nasa ne. Uba ba ya tambaya, ba ya ma leƙawa.

Barnaba manomi ne na ƙwarai. In ya yi huɗa, sai ka ce da igiya aka auna masa layi. Irmiya kuwa, Allah sarki! Ba ya musu, ba ya fashi, amma in ya kama garma sai ka ce dutse aka ɗora masa. Kafin ya kai ƙarshen layinsa, wansa ya sha ruwa ya juyo. Da kaka Barnaba yakan kawo dammunan dawa daga gayaunarsa, shi kuwa Irmiya ya shigo da ɗan riɗi a ƙwarya. Mutanen gari suka yanke masa hukunci, suka ce rago ne. Abin ya dami uban ƙwarai, gama yana ƙaunar ɗansa, ga shi kuma ya isa aure.

Ana nan, damina ta kusa ƙarewa, sai ƙanen mutumin ya zo daga birni. Shi yana da shagon sayar da yadi. Da ya ji damuwar wansa, sai ya ce, “Yaya, ba ni Irmiya mana. Tun da ba shi da hannun noma, ya zo ya zauna mini a shago, cikin inuwa, da farar riga.”

Uban ya yi murna, ya kira Irmiya ya faɗa masa. Irmiya ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.” Maƙwabta suka yi ta shigowa yi masa barka, ana cewa ya huta da rana. Ba wanda ya lura cewa tun daga ranar nan ya daina cinye tuwonsa.

Ana gobe tafiya, uban ya ce a ransa, “Bari in je in ga iyakar gayaunar Irmiya, in haɗa wa Barnaba ita.” Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin rafi, inda gayaunar take a tsakanin itatuwan ɗorawa da kanya. Tun daga nesa ya ji ana waƙa da murya mai ƙarfi, bai gane mai ita ba. Da ya matso, sai ya laɓe a bayan wata kanya, ya duba.

Ga riɗi ya yi fure fari fat, ƙudan zuma suna ta shawagi a kansa. Ya ɗaga kai, sai ga amya a kan rassa, waɗannan kwanduna dogaye da ake saƙa wa zuma domin ta shiga ta zauna. Wannan itace da amya, wancan da amya, har ya daina ƙirgawa. Can ƙwanƙolin ɗorawa kuwa ga wani saurayi da igiya a kafaɗa, yana tsallakawa daga reshe zuwa reshe, yana ƙara ɗaure amyoyin kada iska ta kayar da su bayan tafiyarsa. Irmiya ne. Ya zo ne da baƙin ciki domin ya yi sallama da wurin, amma da hannunsa ya kama aikin sai ya manta, waƙa ta kufce masa.

Uban ya saki baki yana kallo. Da ma an bar shi ya gama kallonsa cikin mutunci, amma ina! Wata zuma ta ga baƙo a gonar ubangidanta, ta sauka ta ɗana masa harbi a kunne. Dattijon nan ya yar da sanda, ya yi tsalle, ya ce, “Wayyo Allahna!”

Irmiya ya sulalo ƙasa da sauri, ya kankare ƙarin da farcensa, ya shafa masa ɗanyar laka. Ya san yau asirinsa ya tonu.

Uban ya ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Ya ce, “Ba kowa, Baba. Ta farko da na saƙa, ruwa ya shiga. Ta biyu, tururuwa ta kori ƙudan zuman. Da ƙyar na gane yadda ake yaɓe ta da kashin shanu, a turara ta, kafin su yarda su zauna.” Sa'an nan ya jawo wani ɗan tulu daga gindin itace, ya buɗe. Uban ya tsoma yatsa ya lasa, ya sāke tsomawa.

“Me ya hana ka kawo wannan gida? Me ya hana ka faɗa mini?”

Irmiya ya ce, “Baba, ai wannan ba aiki ba ne, daɗinsa nake ji. Ni na ɗauka aiki shi ne wanda mutum yake ɗokin a tashi. Na ji tsoro ka ce wasa nake zuwa yi.”

Uban ya kama hannuwan ɗansa ya juya su. Duk sun yi kanta, ga yankan igiya, ga tabon harbi ko'ina. Sai dariya ta kama shi, ya yi ta yi har da hawaye, kunnensa kuwa yana ta kumbura. Ya ce, “Wannan ne hannun rago? Ɗana, da garma na yi ta auna ka, ashe ba ma'auninka ba ce. Je ka kwance kayanka. Daga yau na sallame ka daga gandu, itatuwan da suke cikinsa kuma duk na ba ka, ka rataya abinka.”

Irmiya ya durƙusa ya yi godiya. Suka komo gida tare, uban da kansa yake rungume da tulun. A ranar nan kowa a gidan ya sha kunu da zuma. Barnaba ya yi murna, ya ce shi a bar shi da garmarsa, ba ruwansa da abin da yake harbi. Baffansu mai shago kuwa bai koma birni shi kaɗai ba. Ya tafi da ɗan maƙwabcinsu, wani saurayi wanda tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar ciniki, shi ma ya zauna a shago yana ta fara'a.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Gandu shi ne aikin da ya wajaba a kanmu, na gida da na makaranta, kuma ba wanda zai tsallake shi. Ku lura, Irmiya bai taɓa fashin gandu ba, kada wani ya fita daga nan ya ce fasto ya hana shi noma. Gayauna kuwa ita ce abin da hannunka yake nema sa'ad da ba wanda ya aike ka. Sau da yawa a can ne Allah ya ajiye baiwar da ya yi maka, domin shi ne mai rabawa, bai kuwa raba iri ɗaya ba. Ya ba wani garma, ya ba wani shago, ya ba wani zuma, duka kuwa aiki ne mai daraja a gabansa.

Ku matasa da kuke tunanin abin da za ku yi bayan makaranta, kada ku yi kuskuren Irmiya, ku ce abin da kuke jin daɗinsa ba aiki ba ne. Amma ku gwada shi tukuna. Kwanciya ma da daɗi, ba baiwa ba ce. Baiwa ita ce wadda za ta harbe ka yau, gobe ka sāke hawa itacen, har ka sami abin da wani zai lasa ya gode wa Allah. In ka same ta, ka yi addu'a, ka buɗe baki ka faɗa wa na gaba da kai. “To, Baba” da zuciya mai kuka ba ita ce biyayyar da iyayenku suke nema ba.

Ku iyaye kuma, na san ƙauna ce take sa ku nema wa ɗa inuwa da farar riga. Kowa a cikinku so yake a kira shi baban likita, har ina mamaki wa zai rage ya yi rashin lafiya. Amma wa a cikinku ya san abin da 'yarsa take yi da yamma in ta gama aikin gida? Wa ya san abin da yake sa ɗansa waƙa? A makon nan ku je ku gani da idonku. Kada ku yi faɗa, kada ku yi wa'azi, ku tsaya daga gefe ku duba. Mai yiwuwa ku dawo da kumburarren kunne, amma za ku dawo kun san ɗan da Allah ya ba ku.