Kuluwa Mai Daddawa da Kujerar Mata

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun kakanninmu na da ƙarfinsu, ana ce da ita Kuluwa. Ba 'yar sarauta ba ce, ba matar attajiri ba ce. Daddawa take yi tana kaiwa kasuwa, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da tukwanen dafa kalwa. Ku saurara, jama'a. Ku ma iyayenmu mata da ke can baya ku buɗe kunne, yau zancen naku ne.

A garin nan akwai majalisa mai zama a ƙofar dagaci. Kowace unguwa maza ke zaɓen wakilinsu, su jeru a bayan wanda suke so, a ƙirga su. Mata kuwa sai dai su ji an ce an yanke. Wata shekara aka zauna kan inda za a haƙa sabuwar rijiya, majalisa ta zaɓi ƙetaren kwazazzabo, don can ya fi kusa da dabbobinsu. Mutanen da ko ɗayansu bai taɓa ɗora tulu a ka ba, su suka yanke inda mata za su ɗebo ruwa. Da damina ta sauka, wata mai tsohon ciki ta zame a gangaren da tulu a kanta, aka rasa abin da ke cikin.

Tun daga ranar Kuluwa ba ta sake samun sukuni ba. Mai daddawa ba a hana ta shiga gida, sai ta riƙa bi gida gida da ƙwaryarta. Magana ɗaya take yi: a ba mata kujera a majalisa, kuma mata su zaɓi mai zama a kanta da kansu. Gida gida, magana ɗaya. Shekara ta zagayo, magana ɗaya.

To, kun san halinmu, mu maza. Aka ce ba ta da kunya, aka ce zawarci ne ya yi mata yawa. Magidanta suka hana matansu sayen daddawarta, suka gwammace su sha miya salam. Aka tashe ta daga rumfarta aka mayar da ita bakin juji, cikin rana. Akwai kwanakin da ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Duk da haka, duk ranar zaman majalisa sai ta je da matan da suka yarda da ita, su zauna daga nesa, ba zagi ba jifa, har a tashi. Tun suna 'yan kaɗan har suka cika ƙofar fada.

Da dagaci ya gaji, sai ya kira ta ya ce ya ji, ya ba mata kujera, kuma ita ya naɗa a kai. Ga rumfarta ma za a mayar mata. Kuluwa ta durƙusa ta yi godiya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, idan kai ka ɗora ni, kai za ka sauke ni ranar da na faɗi abin da ba ka so. A bar mata su zaɓa, yadda maza ke yi." Dagaci ya yi fushi, amma ganin taron da ke waje, ya yarda aka sa rana.

Ku saurara da kyau, don nan jarrabawar take.

Ranar zaɓe mata suka cika filin kasuwa. Kowa ya ɗauka Kuluwa ce ba hamayya, ita ma a ranta haka ta ɗauka, mutum ce ai. Sai wasu suka tura Tabawa, ungozomar garin. Kada mu ci hakkinta, Tabawa mutuniyar kirki ce, rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. Amma ko sau ɗaya ba ta taka ƙofar fada ba a duk shekarun nan, ita ce ma ta sha gaya wa Kuluwa ta koma kan kalwarta ta huta.

Aka ce kowa ta bi bayan wadda take so. Da hayaniya ta lafa, Kuluwa ta waiwaya. Layinta gajere, na Tabawa kuwa ya miƙe har ya wuce rumfar mahauta. A cikinsa ga matan da ta sha zagi dominsu, ga waɗanda ta kwana da yunwa saboda su, wasu sun sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, hawaye ya cika mata ido.

Nan sarkin fada ya raɓo ya raɗa mata saƙon dagaci. Wai an ga baƙi daga ƙauyuka a layin Tabawa. Idan kawai ta ce ba ta yarda ba, dagaci zai soke zaɓen ya ba ta kujerar, ai kowa ya san ita ta yi wahalarta. Dagaci ba son Kuluwa yake ba, jama'a, so yake naɗin ya dawo hannunsa.

Marka, ƙawarta da suka faro tare, ta kama mata hannu. "Yaya, ki karɓa. Waɗannan butulu ne. Ke kika sha rana, wata ta zo ta zauna a inuwa?"

Kuluwa ta sake duban layin nan, fuska bayan fuska. Babu gidan da ba ta shiga da ƙwaryarta ba a garin, kuma ba ta ga baƙuwa ko ɗaya ba. Ta san kalma ɗaya za ta furta kujerar ta zama tata. Ta kuma san idan dagaci ya soke zaɓen mata yau, zai soke shi duk ranar da ya ga dama.

Ta ce, "Marka, babu baƙuwa a layin can, ba zan yi ƙarya ba. Ni na ce a tambaye su. An tambaye su, sun amsa. Ban taɓa cewa sai sun faɗi sunana ba."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta ratsa filin nan a idon kowa, ta je can ƙarshen layin Tabawa ta tsaya. Marka ta jima tana huci, daga baya ta bi ta, sauran ma suka bi. Sarkin fada ya koma ya shaida wa dagaci babu abin sokewa. Kuluwa ba ta taɓa zama a kujerar nan ba. Rumfarta ma ba a mayar mata ba, a bakin juji ta ci gaba da sayar da daddawa har Allah Ya karɓi ranta. Amma daga ranar ba wanda ya sake naɗa wa matan garin wakiliya.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mai neman gaskiya don Allah ba ya sakin ta ranar da ta juya masa baya. Mu fa? Muna ihun a yi zaɓe, a yi adalci, amma da namu ya faɗi sai mu ce a soke, mu tura 'ya'yan mutane su farfasa akwatin zaɓe. Kai da ke karɓe katin zaɓen matarka ka sa a aljihu, ko ka ce ga inda za ta dangwala, ka sani ra'ayinta amana ce da Allah Ya ba ta, ba kai Ya ba ba. Ke kuma da ke fafutukar 'yan'uwanki mata, ki tambayi zuciyarki tun yanzu: idan sun sami baki suka zaɓi wata, za ki iya tsayawa a bayanta? Idan ba za ki iya ba, kujera kike nema, ba hakkinsu ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe gaskiya ko ranar da mu ne muka faɗi.