Motar Burodi da Ke Ƙin Tashi da Zafi

Akwai wani bakanike da ya gaji garejin mahaifinsa a bakin wata hanya, tsakanin rumfar mai faci da shagon mai walda. Masu kawo masa aiki suna kiransa Injiniya. Wansa ne kaɗai ba ya kiransa haka. Har furfura ta fara keto wa ƙanen a gemu, wan bai daina ce masa Auta ba, kuma ya fi son faɗar sunan a gaban mutane.

Auta ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sifanoninsa a jere suke jikin allo, kowace da ƙusarta, daga ƙarama zuwa babba. Ba ya jefar da noti a ƙasa, ba ya mayar da mota da dattin hannu a sitiyari. Amma yana da hali guda: ba ya son mai mota ya yi masa bayani. Yakan ce mai mota ya miƙo makulli ya nemi benci ya zauna, don shi da ƙarfe yake magana.

Yayan nasa a garejin nan ya tashi shi ma. Shi ya fara riƙe sifana, shi kuma ya koya wa Auta bambanta ta goma da ta sha biyu, da ranƙwashi a tsakar ka. Daga baya ya bar garejin ya bi manyan motoci shekara da shekaru. Da ya dawo, bai dawo da komai ba sai ciwon baya da wata tsohuwar mota mai dogon baya, irin masu kafireta ɗin nan da samari suka daina sani.

Da ita yake raba burodi. Kullum da sassafe zai ɗauka a gidan burodi, ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya yana saukewa. Da wannan aikin yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da kuma Inna, mahaifiyarsu, wadda take zaune a gidansa.

Tsakanin 'yan'uwan nan biyu ba a taɓa ba hammata iska ba, amma ba a taɓa zama lafiya ba. In Yaya ya shigo gareji sai ya ɗaga wannan, ya taɓa wancan, ya ce a zamanin Baba ba haka ake yi ba. Auta kuwa yakan bi bayansa yana mayar da kowane abu wurinsa, yana ajiye ƙarfen da ƙarfi don a ji ƙararsa.

Wata rana da hantsi Yaya ya shigo da motar, rigarsa jiƙe da gumi. Ya ce motar ta fara yi masa gardamar tashi, har mai gidan burodi ya kira shi ya ja masa kunne. Masu shaguna sun yi ta ƙorafi cewa burodi ba ya isowa sai masu sayen na safe sun watse. In abin ya ci gaba, za a ba wani aikin.

Ya gyara tsayuwa zai fara bayani daga tushe, yadda ya saba, ya ce ka ga dai da asuba in ya fito daga gida. Auta ya katse shi.

"Tana tashi ko ba ta tashi?"

"To ai shi nake gaya maka. Wani lokacin..."

"Ajiye makullin a kan bonet. Gobe ka zo."

Akwai masu motoci a kan benci, sun kuwa ji. Yaya ya dube su, ya dubi ƙanensa, ya ce wai yau shi ne yaron da ya share wa majina yake hana shi ƙarasa magana. Auta ya ce ba ya share wa kowa majina a nan, mota yake gyarawa. Yaya ya wurga makullin, ya zame daga kan bonet ya faɗi cikin baƙin man da ke ƙasa. Ba wanda ya duƙa ya ɗauka sai da ya fita.

Da yamma Auta ya duba motar a tsanake, don ko yana fushi ba ya yin aikin ha'inci. Ya gwada batir, ya same shi da ƙarfinsa. Ya goge kwantak, ɗan ƙarfen da ke sakin wuta, ya daidaita shi. Da ya kwance fulogi ya gan su baƙi ƙirin da toka, sai ya yi murmushin mugunta. A ransa ya ce ga shi nan, ƙafar direban babbar mota ce. Mutum ya zauna yana ta dannar totur kafin ya murza makulli, ya shaƙe inji da fetur, sannan ya zo yana zagin mota. Ya sa sababbin fulogi, ya rufe bonet, motar ta kwana a gareji.

Washegari da Yaya ya zo, Auta ya kira mai faci da mai walda su zama shaida. Ya zura hannu ta taga, ko zama bai yi ba, ya murza makulli. Motar ta tashi nan take, injin yana juyawa a hankali lafiya lau.

Yaya ya ce ai da safe dama ba ta ba shi wahala. Amma mai walda ya riga ya fashe da dariya, mai faci na taya shi, maganar ta nutse a cikin dariyar. Auta ya ce masa ya rage nauyin ƙafa kawai, wannan ba tirela ba ce.

Ba a yi mako ba Yaya ya dawo. Wannan karon a ƙofar wani shago motar ta ƙi tashi, sai da mai shagon da masu jiran burodi suka tura shi, ɗaya daga cikinsu yana tambayarsa ko burodin ne zai riƙa jan motar. Yaya ya sauke murya, abin da bai saba ba, ya roƙi Auta ya bi shi zagaye safiya ɗaya tak, ya ga abin da idonsa.

Da wani baƙo ne ya yi wannan roƙon, da wataƙila Auta ya je. Amma a kunnensa sai ya ji kamar an mayar da shi shekarun baya, ana cewa ɗauko wancan, riƙe wannan. Ya ce shi ba yaron mota ba ne da zai zauna cikin burodi yana bin lungu-lungu. Motar ta sake kwana. Auta ya canja kwayil mai ba fulogi wuta, ko da yake tsohon bai nuna laifi ba. Da safe ta sake tashi bugu ɗaya.

Magana ta kai kunnen Inna, ta aika aka kira Auta. Ya same ta a kan tabarmarta a bakin ƙofar ɗaki, tana jan carbi. Ta ce ita ba ta san komai a kan mota ba, amma ta san wansa ba ya ƙarya, kuma tun da abin nan ya fara ba ya cin abincin kirki. Ya bi shi mana ya gani, me zai ragu a jikinsa?

Auta ya ce motar lafiyarta ƙalau, ya gwada ta a gaban shaidu. Sannan ya ƙara da abin da bai kamata ya faɗa ba. Ya ce ba motar ce ta tsufa ba, direban ne.

Matar Yaya tana tsakar gida tana shanya, ta ji. Kafin magariba mijinta ma ya ji.

Daga nan Yaya ya ɗauke ƙafa daga garejin, ya rantse ba zai sake taka shi ba. Ya koma neman dabara da kansa. In shago yana kan gangare, sai ya tsaya ta yadda zai sake ta ta gangara ya ba ta wuta. In babu gangare, sai ya yi ta murza makulli har batir ya fara nishi. Wasu ranakun ya tsira, wasu ranakun ya makara. Mai gidan burodi ya sake yi masa magana, wannan karon ba a keɓe ba, a gaban ma'aikata.

Sau ɗaya ya karya rantsuwarsa. Wata rana da azahar Auta yana kwance a ƙarƙashin wata mota, sai ya hango takalman wansa sun tsaya a bakin gareji. Ya san su, masu sassaƙaƙƙiyar dunduniya a gefe guda saboda yadda ciwon baya ya karkatar da tafiyarsa.

"Auta, fito ka ga wani abu a baƙin man nan."

Auta bai motsa ba. Daga inda yake kwance ya amsa.

"In ya yi ƙasa a ƙara, in ya yi datti a juye. Ko shi ma sai an tara shaidu?"

Takalman suka daɗe a tsaye. Sannan suka juya.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, matar Yaya ta kira shi a waya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce mijinta bai san ta kira ba. Motar ta mutu a kan hawa da burodi cike a ciki, kuma kafin ta mutu ta yi wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma.

Auta ya san ma'anar wannan ƙarar. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ya samu Yaya zaune a kan dutse a gefen hanya, ya haɗa kai da gwiwa. Bai yi masa sannu ba, shi ma bai ɗago ba. Auta ya buɗe bonet, zafi ya bugi fuskarsa, tare da warin fetur mai hawa kai. Karon farko ke nan da yake duba motar nan da zafinta.

Ya cire murfin iska ya leƙa maƙogwaron kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Inji a kashe yake, amma fetur yana ɗiga ciki, ɗis, ɗis, ba ya tsayawa.

A cikin kafireta akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa, da wata 'yar allura da ke toshe hanya in kwanon ya cika. Allurar ce ta cinye. Duk sanda aka kashe motar da zafi, sai fetur ya ci gaba da kwarara ya shaƙe injin, shi ya sa take ƙin tashi a ƙofar shago. In kuwa ta kwana, sai fetur ɗin ya tsiyaye, da safe ta tashi kamar ba ita ba. Inda yake tsiyayewa kuma shi ne abin tsoro.

Ya zaro ƙarfen auna mai. Man ya wuce alama da nisa. Ya shafa tsakanin yatsunsa, ba yauƙi ko kaɗan, tsararo kamar ruwa. Fetur ya daɗe yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, injin yana gudu ƙarfe na cin ƙarfe, har ya buga.

Ya tsaya da ƙarfen a hannu. Allurar nan ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma akwai irinta a cikin gwangwani a garejinsa.

"Yaya, da zafi take ƙin tashi?"

Yaya ya ɗago a hankali. Idonsa ya yi ja.

"Yau ka tambaya?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar farko abin da ya zo faɗa ke nan, cewa da asuba tana tashi lafiya, sai ya kashe ta a shago take ƙi. Ya ce ranar da ya tsaya a bakin gareji, man ya gani yana ƙaruwa maimakon ya ragu, abin ya ba shi tsoro, ya haɗiye fushinsa ya zo. Ya ce da kare ne ya tsaya a ƙofar nan tsawon lokacin da ya tsaya, da an leƙo an kore shi.

Suna nan wata mota ta iso daga gidan burodi, da mai gidan a gaba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya sa aka kwashe burodin aka mayar cikin ɗaya motar, ya ce wa Yaya Allah ya kiyaye gaba, ya huta tukuna, in an buƙace shi za a neme shi. Kowa a wurin ya san ba za a neme shi ba.

Da suka tafi, Auta ya ce zai nemo janwe, motar jan motoci, a kai ta gareji. Zai sauke injin da hannunsa, ya ajiye duk wani aiki har sai ta tashi. Ya ce laifinsa ne, kalmar da bakinsa bai saba da ita ba.

Yaya ya miƙe da ƙyar, yana dafe da ƙugu. Ya karɓi ƙarfen auna man daga hannun ƙanensa, ya mayar da shi wurinsa, ya rufe bonet.

"In ta tashi in kai wa wa burodi? Sauke hannunka daga motata."

Auta ya je gidan Yaya da kayan aiki, aka ce masa maigidan ba ya nan, alhali yana jin tarinsa a ɗaki. Ya roƙi Inna ta sa baki. Tsohuwar ta ce ta sa baki sau ɗaya a lokacin da bakin zai yi amfani, ba ta da wani da ya rage.

Bayan wani lokaci Yaya ya sayar da motar ga masu yanka tsofaffin motoci, shi kuma ya samu aikin jiran ƙofa a wani kamfani, yana wuni a kan kujerar roba da wannan bayan nasa.

Hanyar masu yankan ta gaban garejin ta bi. Ranar da suka zo ɗaukarta, da igiya suka ja ta, Yaya na zaune a ciki yana riƙe musu sitiyari. Mai walda ya kashe wutarsa, mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa. Auta ya fito har bakin titi ya tsaya, ya ɗaga hannu.

Motar ta wuce a hankali, ba ƙarar inji, sai kukan igiya. Yaya yana kallon gabansa, bai juyo ba.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk iyawarka, bari mai matsala ya ƙarasa maganarsa, ka je ka ga ciwon a lokacin da yake ciwo, kada ka gwada shi a lokacin da ya dace da kai. Kada kuma tsohon haushi ya sa ka toshe kunne ga ɗan'uwanka, domin injin da ya buga ana iya sauke shi a gyara, zuciyar da aka wulaƙanta kuwa ba kullum take yarda a taɓa ta ba. Ka tura wa wanda ka san yana saurin katse mutane, ko da kuwa daga gidanku za ka fara.