Yadda Jatau Ya Tsayar da Lokaci

Wani hakimi ya ga furfura a gemunsa, hankalinsa ya tashi. Ya sa aka kirawo Jatau mai gyaran agogo.

Ya ce, "Kai ne masanin lokaci. Tsayar mini da shi, na gaji da tsufa. In ka kasa, ka bar garin nan."

Jatau ya durƙusa, ya runtse ido, ya buɗe. "Ranka ya daɗe, an gama. Na tsayar da shi shekara goma cur."

"Ƙarya kake! Ban ji komai ba."

"Ai da ka ji, da bai tsaya ba. Rana ta tsaya, iska ta tsaya, kai ma ka tsaya baki buɗe."

"Ina shaida?"

"A shekara goman nan, furfura ko ɗaya ta ƙaru?"

Hakimi ya duba madubi, ya washe baki. "Ba ta ƙaru ba! Ƙara mini ashirin."

"Na ƙara tun kana duba madubi."

Hakimi ya shafa ciki. "Ashe shi ya sa nake jin yunwa haka! Shekara talatin ban ci komai ba. Ku kawo tuwo, ku zuba wa Jatau nasa."