Ranar da Zabin Kaza Suka Tafi

An yi wata Kaza mai yawan tunani, da maƙwabciyarta Agwagwa mai ji da kai, wadda ta san amsar komai tun ba a tambaye ta ba.

Wata damina matar gida ta zuba wa Kaza ƙwan zabi a akurki. Kaza ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe bakwai. Daga ranar nan, hutu ya ƙare mata. Kafin ta tona wuri ɗaya sun kai bayan gari, ga surutu kamar ana buga tasa.

Da suka girma, babbarsu ta ce, "Inna, gobe da safe za mu bi 'yan'uwanmu daji."

Kaza ta ji sanyi a ranta, za ta huta. Nan take kuma ƙirjinta ya yi nauyi. Kunya ta kama ta, ta nufi Agwagwa.

"Yaya, ina murna za su tafi, kuma kuka nake ji. Anya lafiyata ƙalau?"

"Ina fa lafiya!" in ji Agwagwa. "Zuciya ɗaya Allah ya ba kowa. In murna kike, ba kya ƙaunarsu. In kuka kike, hana su tafiya. Ni kam murna zalla nake, ko rakiya ba zan yi ba. Sun cika min kunne, sun gurɓata min ruwan kwatami."

Ruwan kwatami fa, wai shi ne aka gurɓata!

Kaza ta yini tana ƙoƙarin zaɓar ɗaya. Ta gwada murna, hawaye ya zubo. Ta gwada kuka, sai ta tuna gobe za ta yi barcin rana, dariya ta kuɓuce mata. Har ta yi niyyar ɓuya a akurki don kada 'ya'yan su gane.

Gari ya waye, ta kasa zaɓa, ta kuma kasa ɓuya. Ta raka su bakin danga haka nan.

"Ku tafi, kun gajiyar da ni," ta ce. "Amma ku riƙa leƙo ni."

"Mu ma haka muke ji, Inna," in ji babbar. "Muna ɗokin dajin, muna kewar gida tun ba mu fita ba. Ina Gwaggo Agwagwa?"

Suka kira, suka jira, shiru. Suka tashi fir.

Da Kaza ta juyo, sai ta ji shessheƙa a bayan rumbu. Agwagwa ce, fuska sharkaf da hawaye.

"Yaya, murnar ce haka?"

"Hayaƙin murhu ne!"

"Ai ba a hura wuta ba tukuna."

Agwagwa ta share fuska, ta ce, "Sun yi nisa?"

"Sun daɗe suna kiran ki."

Agwagwa ta kwasa da gudu, tinƙis-tinƙis, kajin gida duk suna kallo. Ta isa bakin danga tana kwarma ihu, babu kowa sai ciyawa.

Darasin wannan labari shi ne, murna da baƙin ciki kan zauna a zuciya ɗaya, kuma wannan ba ciwo ba ne. Kaza ta yarda da duka biyun, ta samu yin bankwana. Agwagwa ta musanta ɗaya, kukan bai fasa zuwa ba, bankwanan kuwa ya wuce ta.