Igiyar da Ke Hannun Uwa

'Yan'uwa cikin Ubangiji, yau kwana shida ke nan abinci ba ya shiga mini. An kira 'yata Briskila gasar iyo da ɗaga ƙarfe ta masu naƙasa a wani gari mai nisa, ta ce ba za ta tafi ba sai na sa mata albarka. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sai ga shi ni aka ba darasin wannan Lahadi. Ga abin da na iya rubutawa.

Akwai wata mata da take zaune a bakin kogi, tana da 'ya ɗaya wadda cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu tun tana goye. Da hannu 'yar ta tashi tana tafiya, har damatsanta suka yi ƙarfi. Turmin da mata biyu suke kamawa, ita kaɗai take ɗagawa. Amma ta fi son ruwa da kome, gama a cikin ruwa ba mai ce mata sannu.

Uwar kuwa tsoro ya hana ta sakat. Duk ran da 'yar za ta shiga kogi, sai ta ɗaura mata igiya a ƙugu, ta zauna a gaɓa tana riƙe da bakin igiyar. Ɗauri ɗaya ta iya, zarge, irin wanda take yi wa akuyarta. 'Yar ta sha gaya mata igiyar tana damunta, uwar ta ce ta yi haƙuri.

Wata rana aka yi ruwa a can sama, kogi ya kawo ba zato, 'yar tana tsakiya. Uwar ta miƙe ta ja da iyakar ƙarfinta. Tana ja, zargen yana ƙara matsewa, har numfashi ya soma gagarar 'yar. Ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Iya, saki. Ke ce kike nutsar da ni."

Uwar ta dubi ruwan, ta dubi hannunta. Ta saki, tana kuka.

Ruwa ya tafi da 'yar har ta ɓace mata. Can ƙasa, wajen mashayar shanu, ta keta shi da hannuwan nan nata, ta fita.

Ma'anar wannan misali ita ce, Allah da ya hana ƙafa ya ba da hannu, ya kuma san abin da ya yi. Igiyar ita ce tsoron da mu iyaye muke kira ƙauna. Muna ja, muna cewa ceto muke yi, alhali shaƙewa muke.

Na san haka, ni na rubuta da hannuna. Amma matar nan ta ga ƙarshen nata, ni ban ga nawa ba. Briskila ba ta taɓa kwana inda ba na nan ba. Na tambaye ta wa zai ɗaga ta ya sa a mota, ta yi dariya ta ce, "Mama, buhun masara nake ɗagawa, kaina ne zai gagare ni?"

Ranar Alhamis motar za ta tashi. Iyaye mata, ku da kuka taɓa saki, me zan ce mata?