Mutumin da Ya Toshe Bakin Na'ura

An yi wani mutum a ƙasar Kura, a shekarun da aka haƙa magudanan ruwa aka sake rabon gonaki. Ɗan boko ne, shi ke kula da na'urar da ke riƙe da sunayen manoma da lambar gonar kowa, kowane manomi da katinsa. Na'urar tana da hali guda: in suna ya ɓace, sai ta buga takardar gargaɗi.

Idonsa ya faɗa kan gonar Hawwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Gonar tana bakin ruwa. Ya zare katin sunanta ya sa nasa. Na'ura ta buga gargaɗi, ya yaga. Washegari ta sake bugawa.

Sai ya je wurin shugabansa Dalhatu, ya rantse cewa tafintan na'urar, wato sashen da ke juya umarnin mutum zuwa yarenta, da lahani ya zo tun daga maƙera, gargaɗin duk ƙarya ne. Dalhatu ya yarda, aka kashe gargaɗin baki ɗaya.

Sawu bakwai Hawwa ta yi zuwa ofis da goyo a bayanta. A na ƙarshe mutumin ya ce mata: "Na'ura ba ta san ki ba, ni ma haka." Ta koma tsinkar tumatir a gonakin mutane.

Ya 'yan uwa, wanda ya rufe bakin mai faɗa masa gaskiya, wa zai tsawata masa?

Da damina rufin ofis ya yi yoyo, katuna suka jiƙe, sunaye suka zube, har da na mahaifinsa mai gona uku. Na'ura ta yi shiru, kamar yadda ya koya mata. Aka raba gonakin ga wasu, aka buga hatimi, suka shuka.

Mutumin ya ruga wurin Dalhatu yana cewa da an bar gargaɗi da an gane. Dalhatu ya ce: "Ba kai ka rantse ƙarya take yi ba?"

Don a yarda gargaɗin gaskiya ne, dole ya tona kansa. Aka kore shi, aka mayar wa Hawwa gonarta. Na mahaifinsa kuwa sun tafi, katin ya ruɓe, babu shaida. Tsohon ya tsine masa a ƙofar masallaci, ya rasu bai janye ba.

Na gan shi da idona yana dakon kwanduna a Kadawa. Allah ya gafarta mini, ban ji tausayinsa ba.

Zalunci laifi ne, kashe mai gargaɗi ya fi shi muni. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin marayu, ya bar mana masu faɗa mana gaskiya. Amin.