Igiyar Ƙarshe a Cikin Ambulan

An yi wani mutum a Tarai ta ƙasar Kibiya, malamin firamare ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan suna girma, kuma bai kamata su ɗauki kayan da ba su suka ɗaura ba.

Allah ya ba shi mace, sunanta Bara'atu. Ya 'yan uwa, in ana zancen matar rufin asiri, to a tsaya a kanta. Shekararsu goma sha ɗaya tare, 'ya'yansu uku. In albashi ya makara, ƙuli-ƙulinta ne ke riƙe gidan, kuma ko maƙwabta ba su taɓa ji a bakinta ba. Daga ƙarar babur ɗinsa take gane ko ya wuni lafiya ko an ɓata masa rai a makaranta. Irin son da take masa, ni dai a littafi na saba gani.

Sai dai shi mutum ne mai saurin baki. Sau biyu yana sakinta cikin fushi, na farko a kan gishirin miya, na biyu don ta je suna a Fammar ta kai magariba. Sau biyu kuma yana zuwa biko yana zubar da hawaye. A biko na biyu mahaifinta ya dube shi ya ce, "Malam, igiya uku Allah ya ba ka, ka tsinka biyu. Wannan da ta rage ka riƙe ta da hannu bibbiyu."

Ana nan sai mutumin ya sayi babbar waya. A cikinta ya haɗu da wata mata, Ramlat, ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa ta Turai. Iyayenta mutanen Rano ne, amma a can ta girma har ta zama 'yar ƙasa, mijinta kuma ya rasu. Baiwar Allah miji take nema na gida, mai addini. Shi kuwa ba ita yake gani ba, jirgi yake gani. Ya ce mata ya daɗe da rabuwa da matarsa, ƙanwarsa ce ke riƙe masa yara.

Da ta zo hutu aka ɗaura aure a Kano, a gurguje, ba bincike, domin hutun mako biyu ne, kawunta kuma da ke zaune a Madachi yana Umara. A gida mutumin ya ce wa Bara'atu bita aka tura su birni. Ita ta goge masa babbar rigar da ya sa.

Ƙarin aure ba laifi ba ne, kowa ya sani. Amma wanda ya fara gini da ƙarya, da me zai yi rufi?

Ramlat ta koma, aka shiga neman bizar da za ta kai miji wurin matarsa. Fasfo, jarrabawar Turanci, gwajin ƙirji, hotunan biki, har da saƙonnin soyayyarsu sai da aka buga a takarda don a nuna auren na gaske ne. A cikin saƙonnin nan akwai kalaman da ya taɓa faɗa wa Bara'atu a zauren gidansu tana budurwa. Ko sababbi bai iya ƙirƙira ba. Tir!

Wanda ke cika masa takardun wani ne mai shagon intanet a Kano, ana ce masa Shitu. Ranar nan Shitu ya ɗago daga kwamfuta ya ce, "Malam, akwai gyara. Mutanen nan ba su san mata biyu ba. Tunda ka rubuta kana da 'ya'ya, sai ka kawo shaidar aurenka na fari ya mutu, ko kuma shaidar matar ta mutu."

Kun san abin da ya fito daga bakinsa? Cewa ya yi, "Wacce ta fi sauƙin samu?"

Shi kansa Shitu sai da ya riƙe baki. Ya ce, "Kai Malam, ba ka da dama! Kawo ta sakin dai, kada mu kashe 'yar mutane da ranta."

Mutumin ya tuna da maganar surukinsa, ba mantawa ya yi ba. Amma ya ce a ransa, ai wannan sakin na takarda ne, ba na zuci ba, don Turawa aka yi shi. In na je na zauna da gindina, sai in aiko mata da abin duniya, wa ya sani, wa ya gani? Ya ɗauki biro ya rubuta da hannunsa cewa ya saki Bara'atu. Ya tafi wata kotu a wani gari da ba a san shi ba, da shaidu biyu 'yan a bi yarima a sha kiɗa, ya maimaita da bakinsa a gaban alƙali, ya ce matar tana gidan iyayenta. Aka buga hatimi.

Da yamma ya dawo gida da ƙunshin tsire. Ya ci tuwonta, ya sha ruwan randarta, ya ci gaba da zama da ita zaman miji da mata. Wata bakwai, ya 'yan uwa. Wata bakwai! Ina zuciya? Ina tsoron Allah? Ko kare ya san hannun da ke ba shi abinci.

Ita abin da ya gaya mata, bizar aiki yake nema. Sai ta ɗaura ɗamarar addu'a. Litinin da Alhamis tana azumi. Ranar da zai tafi Abuja a ɗauki hoton yatsunsa, ta raka shi har zaure tana cewa Allah ya sa a dace. Da ya rasa inda zai ajiye kwafin takardun saboda gara da yoyon damina, ita ya miƙa wa ambulan ɗin, don ya san karatun allo ta yi, ba ta karanta boko. Ta naɗe shi a cikin atamfar lefenta da ta fi so, ta sa a ƙasan akwati. Ko yara ba ta bari su matsa kusa.

To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ramlat ta roƙi kawun nan nata, Sharu Haliru, ya je Tarai ya kai wa yaran mijinta tsaraba, ya kuma gode wa ƙanwar da ke wahala da su. Dattijon ya iso da hantsi, maigidan yana makaranta. Ya yi sallama, ya zauna a zaure. Bara'atu ta fito cikin hijabi da kwanon ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ga ciki ya fara turo hijabin.

Ya ce, "Sannu 'yata. Ke ce ƙanwar tasa?"

Ta yi murmushi ta ce, "A'a Baba, ni ce mai ɗakinsa."

"Mayar da ke ya yi?"

"Ai ban je ko'ina ba, Baba."

Sharu ya ajiye kwanon bai sha ba. Ya tambaye ta me ta sani game da tafiyar mijinta. Ta ce aiki ya samu, takardun ma suna wurinta. Da murnarta ta shiga ta ɗauko, ta warware atamfar, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya yi ta buɗawa, har ya zo kan mai hatimin kotu. Ya duba kwanan wata, ya dubi cikinta, ya yi salati.

Ta ce, "Baba, lafiya? Ko bizar ce ta fito?"

Ya ce, "'Yata, kafin wannan shekarar, saki nawa ne tsakaninku?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Biyu."

Dattijon ya cire tabarau, ya sa gefen rawaninsa ya share ido.

Kafin mutumin ya taso daga makaranta, mahaifin Bara'atu ya iso, an kira liman. Ya tarar da su a zaurensa, takardar tana shimfiɗe a kan tabarma. Ya shiga rantsuwa, wallahi wasa ne, wallahi ta Turawa ce, wallahi bai yi niyya ba.

Liman ya ce, "Hannunka ne ya rubuta?" Ya ce e. "Bakinka ne ya faɗa a gaban alƙali?" Ya ce e. "Akwai wanda ya ɗora maka wuƙa a wuya?" Ya ce babu. Liman ya ce, "To saki ba a wasa da shi. Aure ya ƙare tun ranar, ba kome, ba biko. Ita ba ta da laifi don ba ta sani ba. Watannin nan bakwai a wuyanka suke kai kaɗai."

Bara'atu ba ta yi kururuwa ba. Daga bayan ƙyaure ta ce, "Na yi ta azumi ina roƙon Allah ya cika maka abin da ke cikin ambulan ɗin nan. Ashe ni ce a ciki."

Ranar ta bi mahaifinta.

Ramlat da ta ji, ta rubuta wa ofishin jakadanci ta janye hannunta daga maganar bizar, ta kuma nemi ya sauwaƙe mata. Fasfonsa ya dawo wayam, tare da takardar da ta ce ya yi ƙarya, kada ya sake nema sai bayan shekaru. Duk da haka bai ji kunya ba. Bayan Bara'atu ta haihu, sai ga shi ya aika wai zai samo wanda zai yi auren kisan wuta don ta dawo. Ta ce a gaya masa ita ba takarda ba ce. Da shekara ta zagayo ta auri wani manomi a Fammar, Habu, aure na gaskiya, kuma tana can cikin mutuncinta.

Shi kuwa yana nan a Tarai. Iyayen yara ba sa son gaisawa da shi, a masallaci ba a ba shi sahun gaba. In ya dawo daga makaranta, ba mai gane ƙarar babur ɗinsa. Shi ke kashe babur ɗin, ya tura ƙofa, ya hura wuta da kansa.

Ya 'yan uwa, ina ribar? Aure amana ce da aka karɓa da sunan Allah. Kalmar saki ba ta san wasa ba, ba ta san biza ba, kuma ba a rubuta ta don wani ofishi a ce Ubangiji bai gani ba. Wanda zai yi tafiya ya nema da gaskiya, in ta samu alheri, in ba ta samu ba arzikinsa yana nan inda aka rubuta. Ku kuma iyaye, ku yi bincike kafin ku ba da aure, ko da hutun kwana biyu ne. Mai sauran igiya ɗaya a hannunsa, ya je gida yau ya dubi matarsa da kyau.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda suka amince da mu. Allah ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, ya saka wa duk wadda aka zalunta tana tsaka da yi wa azzalumin addu'a. Allah ya kiyaye mu, amin.